Kafin a Ɗauko Magagari

A Amurka, inda doka ta yarje wa farar hula su mallaki ƙaramar bindiga, mai sayen sabuwa yakan tarar da wani umarni a ɗan littafin da ke cikin akwatinta, umarnin da kan sa sabon shiga ya riƙe baki. Kamfanin Kahr yana gaya wa mai saye kada ya ɗauki bindigar a matsayin abin dogaro sai ya harba harsashi 200 da ita. Kamfanin Kimber, wanda ya yi suna wajen ƙera samfurin da ake kira 1911, ya kai nasa adadin 400 zuwa 500. Harsashin ƙaramar bindiga kuwa galibi 50 ne a kwali. Ke nan mutum ya biya kuɗin bindiga, ya koma ya sayi kwali goma, ya tafi filin koyon harbi ya yi ta huda takarda, sannan abin da ya saya ya zama abin da ya biya kuɗi dominsa.

Ba don wani ya tashi neman bindiga na kawo wannan zance ba. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma mutanen da garuruwansu suka sha kuka a hannun 'yan bindiga ba su da marmarin ganin ta yawaita. Abin da ya ja hankalina shi ne tsarin tunanin masu wannan harka. Inda kuskure ke iya cin rai, mutane sukan natsu su bi abu daki-daki fiye da yadda suke yi a sauran al'amuransu, kuma akwai abin ɗauka a cikin wannan natsuwa.

Bindigar da ake magana a kai ita ce mai ɗura wa kanta harsashi. Kowane jan kunama harbi ɗaya ne, amma ba sai mai harbi ya sake ɗana ta da hannu ba. Ƙarfin tashin albarushi ke yi masa wannan aiki. Da harsashi ya fita ta gaba, marfin ƙarfen da ke samanta sai ya zame baya da ƙarfi. Wata 'yar ƙugiya ta fizgo ƙwanson da ya ƙone, wani ɗan tsinke ya doke shi ya yi waje. Sifirin ɗin da marfin ya matse ya tunkuɗo shi gaba, a kan hanya ya kwaso sabon harsashi daga bakin kurtu, wato ma'ajin harsasai, ya hau da shi wata 'yar gangara, ya cusa shi a ɗakinsa, ya kulle. Duk wannan kafin ƙiftawa da bismilla. Ba batir, ba inji. Ƙarfi ɗaya ne ake rarrabawa tsakanin waɗannan ayyuka, kuma an auna shi daidai wa daida. Duk inda ƙarfe ya gogi ƙarfe fiye da kima, an ci wani kaso na ƙarfin, wani aiki a can gaba zai rasa rabonsa.

Sabuwar bindiga kuwa a nan matsalarta take. Injin da ya sassaƙa ƙarfen ya bar kaushin da ido ba ya gani. Fentin kariyar da aka shafa wa sassan bai kwanta ba. Sifirin duk suna da tauri, har wanda ke cikin kurtu, shi ya sa harsashi na ƙarshe kan gagari babban yatsa wajen ɗurawa a makon farko. Sai ka ga ƙwanso ya maƙale a tsaye a bakin marfi, ko harsashi ya tokare a gangara, ko marfi ya dawo ya tsaya saura ƙiris ya kulle. Duk ɗan acaɓa ya san irin wannan: babur ɗin da aka fito da shi daga kwali ba a ba shi wuta a ranar, ana lallaɓa shi, a juye baƙin man farko da wuri saboda ɓurɓushin ƙarfen da ke ciki, har sassan injin su san juna. Harsasan nan 200 ko 500 aikin da suke yi ke nan. Kowane harbi yana goge inda ya kamata a goge, gwargwadon da ya kamata, ba tare da hannun kowa ba.

Sai dai ba kowace bindiga ke neman wannan ba, kuma tarihin 1911 ya nuna dalili. John Moses Browning, haifaffen garin Ogden a jihar Utah a 1855, shi ya zana ta. A gwajin da sojan Amurka suka yi mata kafin su karɓa, an harba harsashi 6,000 da bindiga ɗaya. Idan ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba, kuma ba ta cije ko sau ɗaya ba. Suka karɓe ta ranar 29 ga Maris, 1911, ta zama ta hannun sojansu har 1985 da Beretta ta gaje ta. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da buƙata ta fi ƙarfin kamfanin Colt mai ƙera ta, sai aka raba aikin. Ithaca ya ƙera, Remington Rand mai yin tafireta ya ƙera, Union Switch & Signal mai yin siginar jirgin ƙasa ya ƙera, har Singer mai keken ɗinkin da telolinmu suka sani ya ƙera guda 500. Sharaɗin shi ne sashen da aka cire daga ta wannan kamfani ya shiga ta wancan. Don haka aka bar ɗan sarari tsakanin sassa, sararin da kan ba ƙura da datti wurin zama ba tare da bindiga ta tsaya ba.

Bayan yaƙi ne masu gasar saiti, irin waɗanda ke taruwa a Camp Perry da ke jihar Ohio, suka ce wannan sarari yana warwatsa musu harbi. Suna son harsasai su taru wuri ɗaya a nisan yadi 50. Maƙera suka shiga matse marfi da gangar jiki, suna daidaita bututu da hannu, har ya zama wata sai an sa ƙarfi kafin a ja marfinta. Saiti ya gyaru, amma an biya farashi: abin da aka matse sai ya daɗe kafin ya saki jiki, kuma ba ya jure ƙazanta. Gaston Glock na Ostiriya ya bi ɗaya hanyar. Bindigarsa, wadda sojan ƙasarsa suka zaɓa a 1982, jikinta na roba mai tauri ne, sassanta kaɗan, da sarari wadatacce, kuma masu ita kan ce daga kwali sai aiki. Babu wanda ya yi kuskure a cikin biyun nan. Kowanne ya zaɓi abin da ya fi so, ya yarda da abin da zai rasa.

A ganina abu biyu ne aka cuɗa a cikin wannan al'ada ta harba ɗaruruwan harsasai da sabuwar bindiga, kuma na biyun ya fi muhimmanci. Na farko gogewar ƙarfe. Na biyu shaida. Ko bindigar da ba ta buƙatar gogewa tana buƙatar a gwada ta, domin sunan kamfani shaida ce a kan dubban da ya ƙera, ba a kan wannan guda ɗaya da ke hannunka ba. Wanda ya ɗauko sabuwa daga shago ya ɗura mata harsashi ya jefa a aljihun tebur, ya dogara ne da labari, bai dogara da abin da ya gani ba.

Masu hankali a cikin masu bindiga, kafin harbi na farko, sukan karanta littafin, su kwance bindigar, su goge maiƙon da kamfani ya shafa, wanda sau da yawa na hana tsatsa ne a sito, ba na gudu ba, su ɗiga man da ya dace a inda littafin ya nuna. Karatun ba ɓata lokaci ba ne. Sabuwar Glock, alal misali, takan zo da wani maiƙo mai launin jan ƙarfe a cikin marfinta, kuma kamfanin ya ce a bar shi. Mai gaggawar tsafta sai ya kankare abin da aka sa masa da gangan. Ko kwancewar ma tana da tsari wanda ba a juya shi: a fara zare kurtu, sannan a ja marfi a leƙa ɗakin harsashi da ido. Wanda ya juya tsarin ya fitar da harsashi ɗaya, marfi ya ɗura wani, ya zare kurtu yana zaton babu komai a ciki. Jeff Cooper, tsohon sojan da ya kafa makarantar koyon harbi a jihar Arizona a 1976, ya sa ƙa'idarsa ta farko ita ce a ɗauki kowace bindiga tamkar a ɗure take, ko da yanzu aka duba.

To, an je fili, an harba kurtu biyu, a na uku ta cije. Nan ne ake gane halin mutum. Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne an sayar mini da ruɓaɓɓiya. Gogaggen malamin harbi kuwa ba da bindigar yake farawa ba, da hannun mai ita yake farawa. Marfin nan yana buƙatar gangar jiki ta tsaya cak kafin ya gudu a kanta. Idan wuyan hannu ya yi laushi, bindigar duka sai ta bi shurin ta koma baya tare, ƙarfin ya tafi a banza, ƙwanso ya kasa fita. Gwajin mai sauƙi ne: a miƙa ta ga wanda ya ƙware. Idan ta yi masa aiki lafiya, an san inda gizo ke saƙa. Haka batun saiti. Sabon mai harbi da hannun dama yakan ga harsasansa suna sauka ƙasa ta hagu, ya rantse saitin ya karkace, ya nemi guduma zai buga shi gefe. Malamin sai ya karɓi kurtun, ya ɓoye harsashin bogi marar albarushi a tsakanin na gaske. Idan aka zo kansa, kunama ta ce ƙyas, babu ƙara, babu shuri, amma kowa ya ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa. Hannun ne ke razana tun kafin harbi. Da an buga saitin, da an karkatar da abu mai kyau don ya dace da hannu mai rawa, ranar da hannun ya natsu kuma sai bindigar ta koma harbin gefe. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe.

Idan hannu ya kuɓuta, sai a koma kan kurtu, domin shi ne ya fi kowane sashe jawo cijewa a irin wannan bindiga. Masu lura sukan rubuta wa kowane kurtu lamba a gindinsa, su riƙe ɗan littafi. Idan duk cijewar da aka yi a kan kurtu mai lamba 3 ce, zance ya ƙare. Daga nan sai harsashi. A samfurin milimita 9, akwai mai nauyin kusan giram 7.5, akwai mai giram 8, kuma wasu masu araha ba su da ƙarfin tura sabon sifirin mai tauri har ƙarshe. A sauya kwali, sau da yawa matsalar ta ɓace. Sai mai: ya yi kaɗan ne, ko ya yi yawa har ya tara toka. Bindigar kanta ita ce ta ƙarshe a layin tuhuma.

Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya kurtu, ya sauya harsashi, ya sauya sifirin, ya ƙara mai, duk a yini ɗaya, ko da bindigar ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, ranar da cutar ta dawo sai ya koma farko. Sojan Amurka sun ɗanɗana kuɗar sauyin da ba a bi diddiginsa ba, da doguwar bindigarsu M16 a yaƙin Biyetnam. An zana ta da wani irin albarushi, aka sauya shi da wani wanda ke sa ta gudu fiye da yadda aka tsara, yana kuma barin datti. Aka raba ta ga sojoji ba tare da isassun kayan gogewa ba, da zaton ba ta buƙatar yawan tsafta. Ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, aka yi asarar rayuka, har majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Richard Ichord a 1967. Abu ɗaya aka taɓa a cikin tsari mai haɗe da juna, ba a tsaya an ga me zai janyo ba.

Babban abin da gogaggu ke tsoro shi ne magagari, ko ɗan injin goge ƙarfen nan na hannu mai suna Dremel. Mutum ya dawo daga fili rai a ɓace, ya baje sassa a kan teburin cin abinci, ya ce bari in ɗan goge nan. A bindigar 1911 akwai wani ɗan mataki tsakanin gangarar da ke jikin bindigar da wadda ke bakin bututu. Da gangan aka bar shi, shi ke daidaita hawan harsashi. Sabon shiga ya gan shi ya ɗauka aibi ne, ya goge shi sumul, bindigar da da take cijewa jifa-jifa ta koma cijewa kullum, kuma sashen da ya lalata shi ne gangar jiki, mafi tsada a ciki. Kunama ta fi wannan haɗari. Abin da ke riƙe da ita ma'auninsa na dubu-dubun inci ne. Wanda ya rage shi da ka don neman laushi yana iya haifar da bindigar da za ta tashi ba a nufa ba. Nauyin kunama ma ba aibi ba ne, shawara ce da wani ya yanke. Ta Glock takan nemi matsin kusan kilo 2.5, amma 'yan sandan birnin New York sun shafe shekaru suna riƙe da wadda aka ninka mata wannan nauyi, don kada yatsa ya riga tunani. Garin neman gira a rasa ido. Sifirin ana saya a sauya, kurtu ana saya a sauya, mai ana gogewa. Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa, garantin kamfani kuma ya tafi tare da shi.

Wannan tsari nake ganin muna rasawa a mu'amalarmu da sabbin mutane. An ɗauki sabon ma'aikaci a ofis, ko an kawo yaro shago, ko an miƙa wa maigida ɗan koyon sana'a. A makon farko ya yi tuntuɓe. Nan take a yanke masa hukunci: ba shi da kai, ba zai iya ba. Wa ya tsaya ya tambayi kansa ko ya yi masa bayanin aikin yadda ya kamata? Wa ya duba ko an ba shi kayan aikin da suka dace, ko wanda ke miƙa masa saƙo ne yake miƙawa a karkace? Mukan tsallake duk waɗannan mu ɗauko abin da ba ya gyaruwa, wato muguwar kalma a gaban jama'a, ko kora, ko sunan banza da zai bi shi har wani wurin. Mutum ma ya fi ƙarfe wuyar sha'ani ta nan, domin shi yana tuna abin da aka yi masa. Yaron da aka kunyata a gaban masu ciniki, hannunsa zai ƙara rawa gobe, maigida kuma ya ce ai na faɗa.

Amma kada a ɗauka ina wa'azin haƙuri marar iyaka ne. A cikin masu bindiga akwai waɗanda ke cewa wannan al'ada ta harsashi 500 wata hanya ce ta ɗora wa mai saye aikin da kamfani ya kamata ya gama, da kuɗin aljihunsa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Akwai cutar da gogewa ke warkarwa, akwai wadda ba ta warkarwa. A 2014 kamfanin Remington ya fito da ƙaramar bindiga mai suna R51, ƙorafi ya yi yawa, cikin 'yan watanni aka dakatar da ita aka nemi masu ita su mayar, sai a 2016 aka sake fito da wadda aka gyara. Da masu ita sun yi ta ƙona kwali suna cewa za ta saba, da sun yi asarar kuɗi, watakila har da abin da ya fi kuɗi. Abin da ya sa umarnin Kahr da na Kimber ke da daraja shi ne suna da lamba. Haƙuri ne mai wa'adi. Kuma littafin nan da ake rubutu a ciki shi ke raba gardama: cijewar gogewa tana raguwa, biyar a ɗarin farko, biyu a na biyu, daga nan shiru. Wadda ba ta raguwa, ko take ƙaruwa, ko take zuwa da alamar haɗari kamar tsagewar ƙarfe ko ƙwanso mai kumburi, ba a jiran cikar adadi, ajiye ta ake yi nan take. Mu ma da muna sa wa haƙurinmu wa'adi tun farko, mu gaya wa sabon yaro ga abin da ake so ya iya nan da wata uku, mu riƙa lura ko kurakuransa raguwa suke yi, da mun tsira daga zaluntarsa da gaggawa, mun kuma tsira daga cutar da kanmu da "zai saba" shekara da shekaru.

Idan adadi ya cika bindiga ba ta daina ba, ba teburin cin abinci ake kai ta ba, kamfaninta ake mayar wa. Masu gyara a can za su tambayi wane harsashi aka yi amfani da shi, wane kurtu, harbi nawa aka yi, cijewar wace iri ce. Mai littafi yana da amsar kowacce, kuma bai taɓa ƙarfen ba, don haka gyaran a wuyansu yake. Idan kuwa ta wuce lafiya, saura gwaji ɗaya. Harsashin atisaye mai mulmulallen kai yana hawa gangara cikin sauƙi, amma wanda ake ajiyewa don tsaron gida bakinsa a rarake yake, wata bindigar ba ta son sa. Sai an harba shi kansa, da kurtun da za a riƙa amfani da su, an ga ya wuce. Lissafin kuma ba ya tsayawa a nan, domin sifirin ɗin da ya yi tauri a farko zai yi laushi bayan dubban harbi, a sauya shi kafin ya nuna gajiya. Kurtun da aka kama da laifi sau biyu ana shafa masa fenti a ware shi don atisaye kawai, wasu ma sukan murƙushe shi da guduma kafin su jefar, don kada wani ya tsinta ya ɗura.